Fuensanta da Tambulan Ƙarfe Takwas

Ƙarfe shida saura kwata Fuensanta Galacho take ɗaga ƙofar ƙarfen shagon gahawa, kuma shekara arba'in da ɗaya ke nan mutanen layinmu a unguwar El Perchel ba sa sayen agogon tashi. Ƙarar ƙofar nan ta ishe su. Kafin shida ta kunna injin, ta goge tumatir cikin babban kwano, ta cika kwalaben man zaitun, ta karɓi buhu daga hannun mai burodi tana yi masa tsiyar cewa pitufonsa, ɗan ƙaramin burodin karin kumallo, kullum ƙara ƙanƙancewa yake, nan gaba sai an sa tabarau kafin a yanka. A can ƙurya Cristóbal, ƙanin marigayi mijinta, ya ɗora mai a wuta yana cuɗa ƙullu, yana jiran mai ya yi zafi ya fara zuba zobban tejeringo.

Daga nan sai mutane. Direban bas ɗin farko. Matan da suka kwana suna wanke ofisoshi. Masu sayar da kifi na kasuwar Carmen, hannuwansu jajir saboda ƙanƙara. Wa ke karya kumallo a gida a Málaga? Sai marar lafiya. Kuma a gaban dogon teburin Fuensanta ba wanda yake faɗin abin da yake so. Mutum zai sako ƙafa ne kawai, ya tarar da nasa: wannan rabi-da-rabi, wancan gajimare, madara zalla da ɗigon gahawa, wancan kuma inuwa, wadda ta ɗan fi gajimare duhu. Ta san mai son burodinsa ya ƙone a gefe. Ta san wadda take cewa a rage mai, amma ranta ya ɓaci idan aka rage.

Ranar Asabar da ta wuce ta ajiye aiki, tana da shekara sittin da shida da gwiwoyi biyu da suka daina jin magana. Ba za a sa sunanta a wani titi ba. Shi ya sa muka ga ya kamata a rubuta wannan, domin abin da take yi a bayan teburin nan ya wuce zuba gahawa, kuma da yawa daga cikinmu sai ranar Juma'a muka gane.

Fuensanta ƙirga mutane take yi.

Duk tsohon da ya saba zuwa, minti biyar kafin lokacinsa za ta ajiye tambulan ɗinsa, babu komai a ciki, a daidai inda yake tsayawa. Idan ya zo ta cika. Idan bai zo ba, tambulan ɗin yana nan tsaye a gaban idonta, ba ta ɗauke shi sai ta ji dalili. Ta haka ta kama ciwon Don Serafín, tsohon malamin makaranta, ranar da ya karya ƙarfe bakwai ya tafi, ya dawo ƙarfe tara yana faɗa wai an bar shi da yunwa. Ba ta yi masa musu ba. Ta sake gasa masa burodi, ta shiga ciki ta kira 'yarsa a Bilbao ta ce, "Ki hau jirgi, 'yar nan, babanki ya fara mantuwa." Likita ya ce da wuri aka kawo shi. 'Yar ce ta ba mu labarin, ba ita ba.

A ƙarƙashin teburin kuma akwai wani tsohon gwangwanin biskit mai makullai goma sha ɗaya, na tsofaffin layin da suke zaune su kaɗai. Babu suna ko lambar gida a jikin ko ɗaya, don kada ɓarawo ya yi sa'a. Abin da mutum yake karyawa da shi ne a rubuce: "gajimare, burodi ba ɓawo," "baƙa, tejeringo uku." Ita kaɗai ta san ƙofar kowanne.

Ke ce mai ƙirgan safiya, Fuensanta. Ke ce idon layin da ba a ɗauke ki aikin gadi ba.

Ba kullum take dacewa ba, wannan ma sai a faɗa. Shekara tara da suka wuce, tun ba a fara ajiye makullai ba, ta sa 'yan kwana-kwana suka ɓalle ƙofar Doña Angustias, alhali baiwar Allah tana garin Nerja wajen bikin jikarta. Doña Angustias ta yi wata huɗu ba ta yi mata magana. Tun daga ranar Eulogio direban tasi ya laƙaba mata Sajan, sunan ya bi ta. Tana dariya idan an faɗa, amma abin yana ci mata rai, kuma tun daga lokacin sai ta yi tunani sau uku kafin ta ɗaga waya.

Ranar Alhamis Cristóbal ya manna takarda a jikin madubi: Asabar za a yi walimar sallamar Fuensanta, kowa ya zo. Ƙarfe takwas daidai Baldomero Ruano ya shigo. Tsohon masunci ne, shekara tamanin da ɗaya, matarsa Trini ta rasu shekara shida ke nan, ga ciwon suga da ya yi shekara goma sha tara yana fama da shi. Ya tsaya gaban inuwarsa marar sukari, ya ɗaga kai ya karanta takardar. Ya sake karantawa.

"Wannan kuma mene ne?"

"Takarda ce, tsoho. Ka manta tabarau?"

"Na karanta. Tambaya nake, wa ya ba ki izini?"

"Gwiwoyina."

"Gwiwoyi! Ni da na yi shekara hamsin ina jan taru, kin taɓa jin na yi zancen gwiwa?" Ya juya ya dubi sauran mutane. "Ku duk kun sani?"

"Har kanarinka ya sani, Baldo," in ji Eulogio, bakinsa cike da burodi.

Aka yi dariya. Baldomero bai yi ba. Fuensanta ta sunkuyar da kai tana goge wurin da ta riga ta goge. Wata biyu tana neman ranar da za ta gaya masa, kullum sai ta ce gobe.

"Ba ni makullina," ya ce.

"Haba, Baldo."

"Ba ni, yarinya. Mai shirin zama gaban talabijin me za ta yi da ƙofata?"

Ta jawo gwangwanin, ta ciro mai rubutun "inuwa, ba sukari, tumatir da yawa," ta ajiye masa. Ya zura a aljihu, ya cinye burodinsa tas, don ko cikin fushi ba ya wasa da wannan.

"Gobe a kasuwa zan karya," ya ce daga bakin ƙofa. "Can ma suna da tumatir."

Ranar Juma'a, takwas saura biyar, ta ajiye tambulan ɗinsa. Cristóbal ya gani ya girgiza kai.

Takwas ta buga. Safiyar Juma'a ce, shagon ya cika maƙil, ma'aikatan gini shida sun shigo a tare, injin yana huci, cokula suna ƙara. Hannuwanta suna aiki su kaɗai, idonta yana kan ƙofa. Takwas da minti goma. Wata mata ta miƙa hannu za ta matsar da tambulan ɗin ta ajiye jakarta, Fuensanta ta ce, "Akwai mai wurin." Takwas da minti ashirin ta ɗauki waya ta kira gidansa. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira.

"Matar yaya, madararki tana zuba," in ji Cristóbal.

Ta kashe injin. Shekara arba'in da ɗaya madara ba ta taɓa zube mata ba.

"Fushi yake yi," ya ce. "Ba ki san shi ba? Yana can yana kallon wayar tana ƙara yana jin daɗi."

"Ko yana kasuwa yana zagin tumatirinsu," in ji Eulogio.

"Ba ya kasuwa. Hanyar kasuwa ta gaban ƙofar nan take, tun bakwai da rabi nake kallonta."

"Kai! Sajan ta hau aiki."

Cristóbal ya ga ba za ta bar shi ya soya ƙullunsa cikin kwanciyar hankali ba. Ya goge hannu ya fita bakin titi, ya ɗaga kai ya hangi barandar hawa na uku a gida na huɗu daga shagon. Ya dawo yana murmushi.

"Shi ke nan, ki kwantar da hankalinki. Kejin yana waje, an yaye masa mayafi, tsuntsun sai waƙa yake. Mutumin da ya mutu cikin barci ba ya fitar da kanari. Ya tashi lafiyarsa ƙalau, taurin kai ne kawai."

"Ka ji ko!" in ji Eulogio. "An rufe shari'a."

Maganar kejin nan ce ta tsayar da Fuensanta cak.

Trini ce ta gaya mata, a asibiti, sati biyu kafin ta rasu. Ta riƙe mata hannu ta ce, "Mijina kamar jirgin ƙasa yake, tasha huɗu, ba ya tsallake ko ɗaya. Tsuntsu, allurar suga, takalmi, bene. Tsakanin allurar da burodinki minti ashirin ne. Ki riƙe min minti ashirin ɗin nan."

Idan kejin yana waje, to allurar ta shiga. Ta shiga tun takwas saura minti ashirin, tana ta cinye ɗan sukarin da ke jininsa, tana jiran burodin da bai zo ba. Kuma a gidan nan babu abin karyawa. Me zai kawo shi? Mutumin da tun yana saurayi bai taɓa karya kumallo a ƙarƙashin rufin kansa ba.

Ta dubi agogo. Tara saura minti ashirin da biyar.

Ta damƙi 'yan ƙunshin sukari cike da hannu biyu ta zuba a aljihun gaban rigar aikinta, ta fizgi kwalbar ruwan lemon da ta matse, ta ɗage katakon teburin ta fito.

"Matar yaya! Mutum goma a layi, ni kaɗai za ki bari?"

"Ka ba su ruwa."

"Sajan ta fita sintiri!" Eulogio ya sanar wa shago. "A ɓoye ƙofofi!"

Ta tsaya a gabansa. "Tashi, kai. Kira motar asibiti, ka ce mai ciwon suga ne, ya yi allura bai ci komai ba, awa ɗaya."

"In kuma muka tarar da shi yana kallon labarai fa?"

"Sai ku samu abin dariyar wata shekara tara. Tashi!"

Eulogio ya miƙe. Ya bar rabin burodinsa ya bi ta.

Ƙofar gidan ta titi a kulle take. Ta danna ƙararrawar Baldomero, shiru. Ta danna duka takwas ɗin da tafin hannu. Da can kowace ƙararrawa a nan tana da suna, yanzu bakwai daga ciki na baƙin kwana uku ne, ga akwatunan makullansu jere a jikin bango. Ba wanda ya amsa. Wa zai amsa? Ta sake dannawa, ta buga ƙofar da ƙafa. Eulogio yana ta bayani a waya, yana maimaita sunan layin. Minti biyu suka tafi a nan, kuma ta ji tafiyar kowane ɗaya a cikinta.

Sai ƙofar ta buɗe da kanta. Wasu dogayen baƙi biyu, mace da namiji, suna jan akwatuna masu taya. Ta ratsa ta tsakaninsu tun kafin su gama murmushi.

Matakala hamsin da biyu ne zuwa hawa na uku. Likita ya hana ta hawa fiye da goma. A hawa na farko gwiwar hagu ta soma, a na biyu ta dama ta amsa. Ta kama ƙarfen gefe tana jan jikinta, kwalbar lemo a hammata, tana cewa a ranta, ya Budurwa mai tsarki, uwar masunta, ki sa in tarar da shi yana zagina, ki sa a yi min dariya.

Ta buga ƙofarsa da dunƙulen hannu.

"Baldo! Baldomero! Buɗe!"

Ba abin da ya amsa sai kanarin, can daga baranda.

"Ni ce! Ka ci nasara, na zo, buɗe ka zage ni!"

Shiru. Sai wani ɗan sauti, kamar ana jan buhu a ƙasa.

Ƙofar tsohuwa ce, akwai rata kamar yatsa biyu a ƙarƙashinta. Fuensanta, wadda ko a coci ta daina durƙuso, ta sauka kan gwiwoyinta, ta kwanta, ta sa kunci a kan tayil mai sanyi. Ta ga ƙafa biyu a miƙe. Ɗaya da takalmi, ɗaya da safa kawai. Ta ga hannu a yashe a ƙasa, yana karkarwa. Yana zaune jingine da bangon zaure, bai fi kamu biyu daga ƙofar ba.

"Yana nan. A ƙasa yake."

Eulogio ya ja da baya ya daki ƙofar da kafaɗa. Ko gezau. Baldomero ya sa an yi mata ƙarfe ta ciki tun da maƙwabta suka watse.

"Bari! Ko ta ɓalle a kansa za ta faɗa. Me suka ce?"

"Motar asibiti minti goma sha biyu. 'Yan kwana-kwana sun fi haka, an tone titi ta wajen gada. Matar da ke waya ta ce idan yana magana, yana iya haɗiya, a ba shi sukari yanzu-yanzu. Idan ya daina magana kada a sa masa komai a baki."

Ta manna bakinta a ratar. "Baldo, kana ji na?"

"Trini..." Muryar ta fito a narke kamar ta mashayi. "Iska ta juya... a ɗaure jirgin..."

"Yana magana!" Ta ciro ƙunshin sukari ta tura ta ƙarƙashin ƙofa. Ya tsaya nesa da shi. Ta laluba aljihu ta sami dogon cokalin motsa gahawa, ta tura ƙunshin da shi har ya taɓa yatsunsa. "Ɗauki. Yaga ka zuba a baki."

Yatsun suka taɓa takardar, suka shafa ta, sannan suka ture ta gefe.

"Ba na shan sukari," ya ce. "Fuensanta ta hana."

Eulogio ya zauna a kan matakala.

"Ni ce Fuensanta, tsohon banza! Ni na hana, ni na ce ka sha!"

"Ƙarya... Fuensanta ta tafi. Akwai takarda."

Ta tura na biyu. Ya ture. Ta tura na uku, wannan karon hannun bai ma motsa ba. Ta ga ƙafar mai safa ta karkace gefe. Ta kira sunansa, sai da ta kira sau uku kafin ya yi wani gunaguni. Maganar tana ƙarewa. In ta ƙare, sukarin duniya ba shi da amfani a wannan gefen ƙofar.

Ta rufe ido. Roƙo bai yi ba, zagi bai yi ba. Mutumin ba ya zauren nan, ba ya ma wannan shekarar. Amma akwai wuri ɗaya da ko a mafarki ya san abin da ake yi a cikinsa.

Ta ɗaga cokalin ta ƙwanƙwasa shi a jikin kwalbar lemo, ƙwal-ƙwal-ƙwal, yadda take buga tambulan. Ta ja numfashi, ta saki muryar nan tata ta bayan tebur, wadda take ratsa hucin inji da surutun mutum talatin.

"Cristóbal! Pitufo ɗaya, tumatir da yawa, na Baldo!" Ta harbi Eulogio da ƙafa. "Amsa!"

"Ya... yana tafe!" in ji Eulogio.

"Da ƙarfi!"

"Yana tafe, matar yaya!"

Ta fizgi takarda daga ɗan littafin da ke aljihunta, ta yaga ƙunshi uku da haƙori, ta zazzage su a kai, ta tura takardar a hankali ta ƙarƙashin ƙofa har gindin hannunsa.

"Ga naka, tsoho. Ci kafin ya huce, ina da mutane. Kada ka tsaya min surutu."

Hannun ya tsaya. Sai yatsu biyu suka ɗaga, suka sauka a kan farin tarin, suka dangwala, suka tafi sama inda ba ta iya gani. Suka dawo a jiƙe. Suka sake dangwala.

"Yauwa. Cinye, ba na son saura a faranti."

Ta tura takarda ta biyu. Ta tura ta uku. Tana turawa tana surutun safiya, duk abin da ya zo bakinta: kifin bana ba shi da ƙiba, mai burodi ɓarawo ne, ƙungiyar ƙwallonsu ko 'yan makaranta ba za ta iya ci ba. Eulogio yana amsa mata da "Haka ne" da "Wallahi kuwa," hawaye yana bin gashin bakinsa. Ƙunshi tara suka shiga.

Sannan hannun ya koma ƙasa ya kwanta.

"Baldo?"

Shiru.

"Baldomero?"

Matar da ke waya ta ce a jira, sukari yana ɗaukar lokaci. Minti nawa? Biyar, goma. Fuensanta ta kafa ido a kan ƙafar nan mai safa. Akwai huji a wajen babban yatsa. Ta yi ta kallon hujin, tana tuna wata biyun da ta yi tana cewa gobe. Da ta zaunar da shi ta gaya masa da bakinta, da bai karanta a jikin madubi ba kamar baƙo. Da makullin yana aljihunta yanzu. Kuncinta ya mutu a kan tayil. Can ƙasa, nesa, aka fara jin jiniya, kuma ba ta matsowa.

Babban yatsan ya motsa. Ƙafar ta miƙe. Aka yi tari, aka tofar da wani abu.

"Wane ɗan iska ne ya cika min baki da yashi?"

Ta ƙara manna ido a ratar.

"Wane ne a nan?" Sai ga ido ɗaya, ja, ya bayyana a ratar, daidai nata. "Yarinya? Me kike yi kwance a ƙofata kamar kare?"

"Buɗe, Baldo."

"Wa ke tsaron shago?"

"Buɗe ƙofar nan kafin in kashe ka da hannuna."

Sai da ya yi minti biyu yana laluben makulli. Da ƙofar ta buɗe, rigarsa sharkaf take da gumi, fuskarsa fari fat, sukari a gemu. Ta miƙa masa kwalbar lemo daga inda take, don ta kasa tashi, ya kafa kai ya sha rabi. Haka ma'aikatan asibiti suka tarar da su, tsofaffi biyu zaune a ƙasa, ɗaya ciki ɗaya waje, suna hararar juna. Wata ma'aikaciyar jinya ta huda masa yatsa, ta dubi na'urarta, ta tambayi nawa aka ba shi. Da aka ce tara sai ta ce da an ƙara kwata ɗaya, da ba a kan kujera za a sauko da shi ba. Ta leƙa kicin ɗinsa neman abin da zai ƙara ci. Ta sami gishiri, da abincin tsuntsu, da rabin lemon tsami da ya bushe.

"Me ya zaunar da kai bayan ka yi allura, kaka?" ta tambaye shi.

Ya kawar da kai. "Na sa takalmi ɗaya, sai na ce bari in bar ta ta ɗan jira. Ta ji yadda ake ji."

"To na ji," in ji Fuensanta.

Mutum biyu ne suka ɗaga ta daga ƙasa. Matakala hamsin da biyun nan, a zaune ta sauko su, ɗaya bayan ɗaya. Da ta isa shago ta wanke hannu ta koma bayan tebur, don akwai masu ƙarfe goma.

An sallame shi da yamma. Ya zo walimar Asabar da rigarsa ta zuwa coci, ya zauna a gaba, ya ci tejeringo ɗaya da izinin likita. Mun zuba ido mu ji abin da zai ce mata. Da aka matsa masa ya yi magana, sai ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ce lemon da ta kai masa jiya ya yi tsami, kuma a gaya wa wanda zai gaje ta ya riƙa tacewa. Ya zauna. Ita kuwa ta yi dariya har ta riƙe ciki, wai ita ta gane abin da yake nufi.

To, mu ba mu da taurin kan Baldomero, za mu faɗa a fili.

Ke ce kika san cewa tsoho yana iya mutuwa a tsakiyar gari, ƙarfe tara na safe, da mutum ɗari a ƙarƙashin barandarsa suna shan gahawa. Ke ce kika yarda a yi miki dariya shekara tara, kuma kika sake fita a shirye ki sha wata taran. Ba ki karanta aikin likita ba. Kin dai riƙe lokacin kowa a kanki, kina jin tsoro a madadinmu kowace safiya, mu kuwa muna ta ƙorafin burodi ya yi sanyi.

Tsoron nan yanzu ya zama namu, kuma gaskiya bai bar mu mun sake ba. Tsofaffi goma sha ɗaya ne a layin nan a bayan ƙofofinsu, maƙwabtansu suna canjawa duk bayan kwana uku. Mutum ɗaya ba zai iya abin da ta yi ba, ba ma sai ya iya ba. Kai mai sayar da jarida, ke mai kantin magani, kai direba da kake tsayawa a kwana ɗaya kullum: riƙe mutum ɗaya. San lokacinsa. Ranar da bai ɓullo ba, kada ka ce fushi yake yi. Hau benen. Idan ka tarar da shi yana kallon labarai, ka sha zagin, ka sauko kana murna.

Mun gode, Fuensanta. Baldomero Ruano yana raye, yana zagin lemo, kuma ke ce sanadi. Je ki miƙe ƙafafun nan.